Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Makarantun Kuɗi Na Kano Da Shugabannin Ƙungiyoyin Iyaye, Kan Ƙibar Da Ke Kama Yaranmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena da yayyena masu makarantu, Alhazai da Hajiyoyi, da ku shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai, bayan gaisuwa mai yawa da fatan ana karatu lafiya. Ni uwa ce mai 'ya'ya a ɗaya daga cikin makarantunku, kuma na taɓa riƙe alli a firamare kafin hidimar gida ta ɗauke ni. Na rubuto a fili ne don maganar ta fi ƙarfin makaranta ɗaya. Ga shi kuma duk sanda aka tashe ta a taron iyaye, kafin mai magana ya kai aya an koma kan ƙarin kuɗin makaranta da na littattafai, a watse a kan haka.

Maganar ƙiba ce, wadda ke kama yaranmu tun suna firamare, da kuma hannun da makaranta take da shi a ciki.

Na san abin da wasunku za su ce: Hajiya, ana ta kai wa ke ta kaya? A garin da wasu ke kwana ba su ɗora tukunya ba, ke ƙiba ce ta dame ki? Mai faɗin haka bai yi ƙarya ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a shiyyarmu ta arewa maso yamma kuwa abin ya kai kashi 57. Tamowa ce babbar cutar yaranmu, ba mai musu. Amma binciken nan guda ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan ƙasar nan masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Abubuwan biyu suna zaune tare a gari ɗaya, wani lokacin ma a gida ɗaya. Likitoci kuma sun daɗe da gano cewa yaron da ya tsumbure yana jariri, idan daga baya ya samu kansa cikin sukari da mai ya yi jiki farat ɗaya, ya fi shiga haɗarin ciwon suga da hawan jini idan ya girma. Ke nan yaron da ya sha yunwa jiya shi ne lemon kwalba zai fi yi wa illa gobe. Indomi da biskit suna cika ciki su tara kitse, su bar jiki da ƙarancin jini. Ana samun yaro ɓul-ɓul alhali jikinsa yana neman abin da bai samu ba.

Duniya ta riga mu shiga wannan hanya, mun kuma ga inda ta kai su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin ɗari ne kawai na masu shekara 5 zuwa 19 nauyinsu ya wuce kima. Zuwa 2022 sun kai kashi 20, wato yara da matasa sama da miliyan 390. A watan Satumba na 2025 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sanar cewa a karon farko masu matsananciyar ƙiba a cikin yara 'yan makaranta sun fi ramammu yawa a duniya, in ban da yankinmu na Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya. Ni ban ɗauki wannan togaciya a matsayin albishir ba. Lokaci ne Allah ya ba mu, kuma inda lokacin ya fi saurin ƙarewa shi ne birane irin Kano, a cikin gidaje masu ɗan hali, wato waɗanda 'ya'yansu ke zaune a azuzuwanku.

Ku tsaya a bakin shagon makarantarku ranar da aka kaɗa ƙararrawar tara. Yaro ɗan aji uku ya zo a guje da kuɗin tara a dunƙule a hannu, ya ɗaga ƙafa don ya ga kan kanta. Me aka jera masa? Firiji shaƙe da lemon roba da na kwali, biskit kala-kala, alawa mai tsinke, cingam, fanke, cincin, askirim na leda mai rina harshe ja ko shuɗi. Ya sayi lemo da biskit biyu, ya jingina da bango ya cinye a tsaye, ya jefar da ledar, aka kaɗa komawa aji. Kular da uwarsa ta zuba masa taliya ko soyayyen dankali tun da asuba tana nan a kwando, ita ma zai haɗa da ita. Ƙarfe goma ba ta yi ba ya sha sukarin da ya fi na yini guda.

Ba zuguguwa nake yi ba, lissafi ne. Lemon kwalba na yau da kullum yana ɗauke da sukari kimanin giram 10 a kowace mililita 100. Robar nan ta rabin lita ke nan tana da wajen giram 50, kusan ƙaramin cokalin shayi goma sha biyu. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke ci a yini, in da hali a sauko da shi kashi 5, wanda ga babban mutum bai wuce cokali shida ba. Na yaro ƙasa yake da haka. Wace uwa ce za ta zauna ta ƙirga cokali goma sha biyu na sukari a kofi ta miƙa wa ɗanta? Amma muna ba da kuɗin a saya, ku kuma kuna sanyaya shi a firiji. Lemon kwalin da aka zana wa mangwaro da lemon zaƙi a jiki, wanda iyaye da yawa ke ɗauka ruwan 'ya'yan itace ne, yawancinsa ruwa ne da sukari da ɗan ƙamshi. Kuma kada wani ya ce to a koma zoɓo da kunun aya, magana ta ƙare. Zoɓon da aka ɗura wa sukari har yana danƙo bai fi lemon kwalba da komai ba.

Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Naira biyar ke nan a kan robar da ake sayarwa ɗaruruwan naira. Ba yaron da wannan zai hana saye. Abin da zai hana shi saye shi ne ya zo bai tarar ba, wannan kuwa a hannunku yake, ba sai an jira Abuja ba. A cikin katangar makaranta ku ne hukuma. Kun iya hana farin takalmi ku ce sai baƙi, kun iya mayar da yaro gida saboda aski, kun iya hana shigowa da waya. Wanda ya iya waɗannan ba zai ce lemo ya gagare shi ba.

Na san shagon yana kawo kuɗi. A wurare da yawa na iyalin mai makaranta ne, ko an ba da shi haya. Na san kuma kamfanoni kan kawo firiji kyauta, su yi wa katanga fenti, su ba da katan-katan ranar wasannin gidaje. Ban ce a rufe shago ba. Cewa na yi a canza kayansa. Garin nan ne ke da 'Yan Lemo a Na'ibawa da kasuwar 'Yankaba, ga Dawanau cike da wake da gyaɗa. Dafaffen ƙwai, alale, ɗanwake, dafaffiyar gyaɗa, awara, ayaba, yankakkiyar kankana, karas da yalo, gwaiba da mangwaro a lokacinsu, nono ko kindirmo mara sukari, dabino ƙwaya uku. Duk ana cin riba a kansu. Za a ce yara ba za su saya ba. Makon farko za su yi ƙorafi, gaskiya ne. Amma yaron da ke jin yunwa ƙarfe goma yana cin abin da ya tarar, musamman idan ya ga abokinsa na ci.

Kafin duk wannan ma, ruwa. Akwai makarantun da ke karɓar dubban ɗaruruwa a zango amma babu inda yaro zai sha ruwa mai tsafta kyauta, sai ya saya. Yaron da ƙishin watan Afrilu ya kama, da kuɗi a hannu da firiji a gabansa, kowa ya san abin da zai ɗauka. Randa ko tanki mai famfo a kowane baranda, da doka cewa kowane yaro ya zo da gorarsa, ba za su karya kowace makaranta ba.

Sai al'adar nan da ta shigo mana ta bikin ranar haihuwa a aji, inda uwa ke aiko da kek da ledoji cike da alawa da biskit da lemo, kowane yaro da tasa. A ajin yara talatin, kusan kowane mako biyu da na wani. Iyaye kuma sun mayar da abin gasa, wadda ba ta da hali tana cin bashi don kada a raina ɗanta. Idan kuka hana, wallahi iyaye da yawa godiya za su yi muku a ɓoye. Birnin Amstadam na ƙasar Holan ya fara wani shiri a 2013 inda makarantun da suka shiga suka hana zuwa da lemo sai ruwa ko madara, suka kuma sa a riƙa rabon 'ya'yan itace a madadin kayan zaƙi a irin wannan biki. Ƙasar Chile ta hana sayar da kayan da suka cika sukari ko gishiri ko mai a makarantu tun 2016, Meziko ma ta fara aiki da irin wannan doka a watan Maris na 2025. Su Chile da Meziko doka ta tilasta musu. Ku kuna iya yi da takarda ɗaya da za a liƙa a allon sanarwa.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne fili. Makarantu da yawa a cikin gari gidajen haya ne aka mayar azuzuwa, falo ya zama aji, gareji ya zama ofis, tsakar gida an malale ta da siminti, ko asembili sai an matsu. Waɗanda suka fara da fili kuma, da ɗalibai suka ƙaru sai aka dasa bene a kansa. Darasin motsa jiki yana nan a jadawali, amma a allo ake yin sa: yara na zaune suna kwafar tsawon filin ƙwallo da faɗinsa a littafi, su haddace su rubuta a jarrabawa su ci maki, ba su taɓa taka filin ba. In jarrabawa ta matso ma, lokacin nasa ake ba malamin lissafi.

Ku lissafa yinin yaron nan. Adaidaita sahu ko motar gida ta ɗauke shi daga ƙofar gida ta ajiye shi a ƙofar makaranta. Yana zaune daga takwas saura har ƙarfe biyu, wasu har da lesin zuwa uku. Ya dawo ya ci abinci ya sa kayan Islamiyya, ya sake zama har kusan magariba. Da daddare aikin gida, sai waya ko talabijin. Asabar da Lahadi hadda tun safe. Waje kuma mun hana shi fita, kuma da dalilinmu, don wanda ya san abin da ya faru da yara a garin nan ba zai ga laifin uwar da ta kulle ƙofa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 kullum na motsa jikin da zai sa shi haki. A ina yaron nan zai samo su? Mu da muka tashi muna gaɗa da 'yar gala-gala a dandali, yayyenmu maza suna langa da kokawa har a kira isha'i, ba mu san muna motsa jiki ba. Dandalin ya tafi, an yanka shi filaye. Makaranta ce kaɗai wurin da ya rage inda yara ke taruwa cikin tsaro a ƙarƙashin idon babba. Idan ba su yi gudu a wajenku ba, ba za su yi a ko'ina ba.

Wata shugabar firamare a garin Stirling na Sikotland, Elaine Wyllie, ta lura a 2012 cewa ɗalibanta ba sa iya zagaya fili da gudu. Sai ta sa kowane aji ya fita minti goma sha biyar kullum, a yi gudu ko sassarfa, da yunifom ɗinsu, ba canza kaya, ba gasa, ba kayan aiki. Yanzu dubban makarantu a ƙasashe da dama suna yin haka. A nan sai a yi shi da safe bayan asembili kafin rana ta yi zafi, a kuma sassauta wa masu asma lokacin hazo. Makarantar da ba ta da fili tana da igiyar tsalle, tana da langa da ba ta cin wuri, tana iya haɗa kai da maƙwabtanta a nemi aron filin firamaren gwamnati ko na unguwa rana ɗaya a mako. Mai unguwa da limami ba za su ƙi shiga irin wannan magana ba idan aka je musu da girmamawa.

Kuma don Allah ku tuna da 'yan mata. Da yarinya ta shiga ƙaramar sakandare sai a ce ta girma, ta zauna a inuwa tana kallon maza na ƙwallo. Alhali a shekarun nan ne jikinta ke canzawa, nauyin da ta ɗauka a lokacin shi za ta shiga da shi gidan aure da goyon ciki. A ware musu lokaci da wuri da malama mace, su yi gudunsu cikin sutura. Ya zo a hadisin Abu Dawud cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Malaman Islamiyya sun fi ni sanin wannan, kamar yadda suka fi ni sanin aya ta 31 a Suratul A'araf da ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna, da hadisin Tirmizi na raba ciki uku. Ina roƙonsu su riƙa kawo su gaban yara da iyaye, su kuma bar yara su miƙe ƙafa tsakanin darasi da darasi.

Akwai darasi guda daga Faransa da nake so shugabannin iyaye su riƙe. A wasu ƙananan garuruwa biyu na arewacin ƙasar, Fleurbaix da Laventie, an fara koyar da yara cin abinci mai kyau a makaranta tun 1992. Shekarun farko ƙibar ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi. Sai da garin gaba ɗaya ya shigo, iyaye da likitoci da masu shaguna da hukumar gari da ta gina wuraren wasa, sannan abin ya juya. A 2004 yara masu nauyin da ya wuce kima kashi 8.8 ne cikin ɗari a garuruwan biyu, a garuruwan da aka kwatanta da su kuwa kashi 17.8. Shekara goma sha biyu ke nan. Wato zana rukunan abinci a allo ba ya rage wa kowa nauyi, kuma makaranta ita kaɗai ba za ta iya ba.

A nan maganar ta dawo kanmu iyaye. Mu ne muke ganin yaro ya yi kumatu mu ce tubarkalla, ana jin daɗi a gidan nan. Mu ne kaka ke yi wa faɗa idan jikanta bai yi jiki ba, a ce ba ma ba shi abinci. Mu ne muke lallashi da alawa, muke biyan ladan haddar sura da askirim, muke ɗura wa yaro abinci bayan ya ce ya ƙoshi. Mafi muni, akwai masu sayen sha-ka-fashe a kemis ko wajen masu tallar magani su ba yara da 'yan mata. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan irin su dexamethasone ne, masu kumbura fuska, su tara ruwa a jiki, su ɗaga suga da jini, su raunana garkuwar jiki. Kumburi ne muke kira ƙiba. Taron iyaye ne wurin da ya dace a kira ma'aikaciyar jinya ko likita daga cikinmu, don kusan kowace makaranta tana da su a cikin iyaye, su yi mana bayani da Hausa.

Matan da ke talla a bakin ƙofa kuma kada a kore su. Yawancinsu da wannan suke ciyar da marayu. A zauna da su, a faɗa musu abin da makaranta ke so a sayar, a ba su wuri mai inuwa. Wadda ke sayar da askirim na leda ta iya dafa gyaɗa da alale.

Abu ɗaya nake tsoro idan aka fara wannan aiki, shi ne a mayar da yaro mai jiki abin nuni. Tuni abokansa na kiransa lukuti, wani malamin ma da sunan yake kiransa aji ya fashe da dariya. Yaron da ake yi wa haka yakan daina fita wasa don kada a ga yana haki, ya koma gefe da ledar biskit. Idan za a auna nauyi da tsawo sau ɗaya a zango, kuma ya kamata a auna don a gano ramammu da masu ƙiba gaba ɗaya, to a yi a keɓe, a rubuta wa iyaye a rufe, wanda abin nasa ya yi yawa a ba da shawarar a kai shi asibiti. Kada malami ya ɗora wa yaro rage cin abinci da kansa, yaro mai girma yana bukatar ci. Dokar shago da ta gudu ta hau kan kowa, siriri da mai jiki.

Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu tana zagayawa duba. Zan so a ce masu duban suna tambayar ina ruwan sha, ina wurin wasa, me ake sayarwa a shago, kamar yadda suke tambayar takardun rajista. Amma ba na so ku jira sai an zo muku da takarda.

Roƙona shi ne a taron iyaye na farko a zango mai zuwa, ku sa wannan magana a sama, kafin ta kuɗin makaranta. A fitar da duk abin da ke shagon a jera a kan tebur, a karanta sukarin da aka rubuta a jikin kowanne, a auna shi da cokali a faranti iyaye na kallo. Sannan a tsayar da ranar da lemo zai bar firiji, da lokacin da kowane aji zai riƙa fita gudu, a rubuta sunan malamin da zai kula da hakan. Iyaye mata da dama, har da ni, a shirye muke mu karɓi aikin tsara abin da shago zai riƙa sayarwa idan kuka ba mu dama.

Allah ya raya mana su cikin lafiya, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyarsu. Wassalam.

Taku,
Wata uwa daga Tarauni, Kano